Jan ramok da motar gazuwal: canjin haƙoran pon yana ƙara ƙarfi, ba ya ƙara birki

Ƴan uwa manoma da makiyaya, idan wahalar gona ta ƙare, sai wahalar hanya ta soma. Da kaka, hatsi da wake suna jiran a kai su kasuwa ko rumbun tsimi. Aya tana jibge a ƙasar Agye da Gazawa, rake yana jira a Matamai da Magarya. Da rani kuma albasar Galmi da ta kwarin Madawa tana bukatar a fid da ita bakin kwalta tun ba ta soma ruɓa ba.

Sabili da haka ƙungiyoyin manoma da ƴan kasuwar ƙauye suke tara kuɗi su sayi mota a-kori-kura mai shan gazuwal, wadda ake kira bashe. Mafi yawa Toyota ce, ko Hilux ko Land Cruiser. Da yake bayan motar ba ya ɗauke kaya duka, sai a ɗaura mata ramok, wato amalanken ƙarfe da mota ke ja.

Daga nan kuka ke farawa. Mota ba ta son tashi cikin rairayi. Kuloci yana ƙauri. A hawan tudu sai baƙin hayaƙi, allurar zafi tana hawa. In aka je garaji, sau da yawa makaniki yakan ce: "Alhaji, sai an canza haƙoran pon." Maganarsa tana iya zama gaskiya. Amma aikin yana cin kuɗi, kuma kuɗin na jama'a ne. Ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san abin da za a saya, da abin da za a rasa, da abin da canjin ba ya iya gyarawa ko kaɗan.

Mine ne pon?

Ku duba ƙarƙashin mota daga baya. Tsakanin ƙafafu biyu akwai wani ƙarfe mai ƙaton ciki kamar tulu. Shi ne pon. Wani dogon ƙarfe mai juyawa yana tahowa daga bwat, wato akwatin bitas, ya shiga cikinsa. Wannan shi ne kardan.

Cikin tulun akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke cizon juna. Ƙaramin, wanda kardan ke juyawa, makanikai suna ce mashi pinyon. Babban, mai kama da faifai, suna ce mashi kuron. Pinyon yana juya kuron, kuron yana juya ƙafafu. Da yake pinyon ƙarami ne, sai ya yi juyi da yawa kafin kuron ya yi juyi guda. A nan ne ake rage gudu, a ƙara ƙarfi.

Wanda ya taɓa hawan keke mai canji ya san wannan. In ka maida sarƙa bisa babban faifai na baya, kana hawa tudu ba da wahala ba, amma ƙafafunka suna juyi da yawa, keken kuwa yana tafiya sannu. In ka maida ta bisa ƙarami, kana sheƙa gudu a fili, amma tudu ya gagare ka. Ƙarfin ƙafarka bai canza ba. Yadda ake kashe shi ne ya canza. Haka injin mota yake. Haƙoran pon ba su ƙara ma inji ƙarfi. Suna dai maida gudu ya koma ja.

Lissafin haƙora

Kowane pon yana da lamba. Ana samun ta in aka raba yawan haƙoran kuron da yawan haƙoran pinyon. Ga waɗanda aka fi gani a pon na Hilux:

Kuron mai haƙora 41, pinyon mai 10: lamba 4,10.
Kuron mai haƙora 43, pinyon mai 10: lamba 4,30.
Kuron mai haƙora 41, pinyon mai 9: lamba 4,56.
Kuron mai haƙora 39, pinyon mai 8: lamba 4,88.
Kuron mai haƙora 37, pinyon mai 7: lamba 5,29.

Lamba 4,10 tana nufin kardan ya yi juyi 4 da ɗan ɗori kafin ƙafa ta yi juyi guda. Lamba 4,88 tana nufin kusan juyi 5. Abin da za a riƙe shi ne: in lamba ta hau, ja ya ƙaru, gudu ya ragu. In lamba ta sauka, gudu ya ƙaru, ja ya ragu.

Land Cruiser tana da nata pon, wanda ya fi na Hilux girma. Samfurin 75 mai injin 1HZ yakan zo da 4,11, wato haƙora 37 da 9. Samfurin 79, wanda ya gaje shi a shekarar 1999, yakan zo da 4,30 in injin iri ɗaya ne. Shi wannan inji ya fito a 1990, yana da silinda 6 da lita 4,2. Ƙarfin jansa ya fi cika wajen juyi 2000 zuwa 2200 a minti. Haka injin gazuwal yake: yana ba da ƙarfinsa tun bai yi ihu ba. Amfanin lambar pon mai dacewa shi ne ta riƙe inji kusa da wannan wuri lokacin da mota ke ɗauke da kaya.

Abin da ake samu da abin da ake rasawa

Mu ɗauki misalin motar da ke da 4,10. In aka sa mata 4,56, ƙarfin da ke kai ga ƙafafu ya ƙaru da kashi 11 cikin 100 a kowace bitas. In aka sa 4,88, ya ƙaru da kashi 19. Direba zai ji bambanci tun daga tashi. Mota tana ɗagawa ba sai an daɗe ana goga kuloci ba. Kuloci yana daɗewa, inji ba ya shaƙewa.

To, amma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A ce a da injin yana juyi 2400 a minti, mota tana kilomita 90 a awa. Da 4,56, in ana son wannan gudu, sai inji ya yi juyi kimanin 2670. Da 4,88 sai ya yi kimanin 2860. In kuwa direba ya bar inji a 2400 don ya tausaya mashi, gudun zai sauko zuwa 81 da 4,56, ko 76 da 4,88.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram kimanin kilomita 235 ne. Da gudun 90, tafiyar awa 2 da minti 37 ce in ba a tsaya ba. Da 81, an ƙara minti 17. Da 76, an ƙara kusan rabin awa. Ga mai kai albasa wannan ba komi ba ne. Amma a ƙauyuka da yawa motar ƙungiya ita ce ke kai mai naƙuda ko wanda maciji ya sara zuwa gidan likita. Wannan ma a sa shi cikin lissafi.

Sai batun gazuwal. Motar da ke tafiya ba kaya bisa kwalta za ta ƙara sha, domin injin yana juyi fiye da bukata. Wadda ke jan kaya cikin rairayi ba lalle ta ƙara ba, tunda injin ya daina wahala. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta tsaida litar gazuwal a tamma 618. Da wannan farashi, a ce mota ta ƙara shan lita 1 a kowane kilomita 100. Zuwa Yamai daga Maraɗi da komowa kimanin kilomita 1320 ne. An ƙara lita 13 ke nan, wato jikka 8 da ƴan kai a tafiya guda. Wanda ke wannan hanya kowane mako, sai ya lissafa na shekara.

Akwai kuma wani abu. Duk sa'ad da lamba ta hau, pinyon yana ƙara ƙanƙancewa. Mai haƙora 7 bai kai mai 10 kauri ba. Don haka neman lamba mafi girma ba shi ne dabara ba.

A fara duban taya

Kafin a taɓa pon, a tambayi wannan: tayar da ke ƙarƙashin motar, irin wadda ta zo da ita ce? Mutane da yawa suna sa manyan tayu don mota ta ɗaga daga ƙasa, ta wuce rairayin Dakwaro ko na Tanut ba ta kafe ba. Dabara ce mai amfani, amma tana da farashi. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi guda, sai ta zama kamar an rage lambar pon.

Ga misali. Taya mai lamba 205 R16 tsayinta kimanin santimita 74 ne. Mai lamba 7.50 R16 kimanin 81. Wanda ya cire ta farko ya sa ta biyu ya zubar da kusan kashi 9 cikin 100 na ƙarfin jan motarsa, bai sani ba. Pon mai 4,10 ya koma aiki kamar mai 3,75. Ga mai irin wannan mota, sa 4,56 maida ta ne kusa da yadda kamfani ya ƙera ta. A nan ne canjin haƙora ya fi dacewa. Amma akwai hanya mai sauƙi: in rairayin hanyarku bai tsananta ba, a koma ma taya ta asali.

Sannan a duba lafiyar inji. Matatar iska da ƙura ta toshe tana kashe ƙarfi, musamman lokacin hunturu da buji. Haka matatar gazuwal, da bakunan feshin mai da suka gaji, da kuloci da ya cinye, da birki mai kamawa. Gyaran waɗannan bai kai rabin wahalar buɗe pon ba. Injin da ya tsufa, sabbin haƙora ba su maida shi saurayi.

A tuna kuma motar kat-kat tana da ƙaramin sanda kusa da na bitas. In aka sa shi a L4, ƙarfin ja yana ninkuwa kusan sau 2 ko fiye. Don tashi cikin rairayi, ko fita daga gebe da ramok, wannan ya fi kowane canjin haƙora, kuma kyauta ne. A rage ma tayu iska kaɗan cikin rairayi, a maida in an fito. Sai dai kada a yi tafiya da kat-kat bisa kwalta. In kuma ana jan kaya mai nauyi, a zauna a bitas ta huɗu. Ta biyar an yi ta don tafiya marar nauyi.

Yadda za ku san lambar motarku

Akwai hanya biyu. Ta farko, a karanta ƙaramin allon ƙarfe da kamfani ya liƙa cikin gidan inji ko a jikin ƙofa. A tsofaffin Hilux ana ganin harafi da lambobi uku. G292 yana nufin 4,10. G282 yana nufin 4,30. G252 yana nufin 4,56. Sabbin motoci suna da wani tsarin rubutu. Kuma motar da ta wuce hannu da yawa, mai yiwuwa an riga an canza mata pon, allon bai sani ba.

Hanya ta biyu ta fi tabbas, kuma alli kawai take bukata. A tsaida mota a wuri mai tauri, a tare ƙafafun gaba da duwatsu gaba da baya. A kashe inji, a fid da bitas, a saki birkin hannu. A ɗaga ƙafar baya guda ɗaya, a sa gungumen itace mai ƙarfi ƙarƙashin pon. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A yi alama da alli a taya, a yi wata a kardan. Mutum ɗaya ya juya taya sau 20, wani ya leƙa daga gefe yana ƙidayar juyin kardan.

In ya samu 41, lambar 4,10 ce. In 43, 4,30 ce. In 45 da rabi, 4,56 ce. In ya kusa 49, 4,88 ce. In tayar ta ƙi juyawa da sauƙi, pon ɗin mai kulle ƙafafu ne. Sai a ɗaga ƙafafun baya duka biyu, a juya sau 10 maimakon 20. Lissafin bai canza ba.

In an yanke shawarar canzawa

Na ɗaya: motar kat-kat pon biyu gare ta, gaba da baya. Tilas lambarsu ta zama ɗaya. In aka canza na baya aka bar na gaba, ranar da aka sa kat-kat ƙafafun gaba za su nemi wani gudu, na baya su nemi wani. Ƙarshenta wani ƙarfe ya karye, ko kardan, ko haƙora, ko ƙaramar bwat mai raba ƙarfi. Duk wanda ya ba ku farashin pon guda, ya ba ku rabin farashi ne.

Na biyu: kuron da pinyon tare ake ƙera su, tare ake goge su a masana'anta har su saba da juna. Ba a haɗa kuron na wata mota da pinyon na wata, ko da yawan haƙoran ya yi daidai. Kama da wane ba ta wane. Haka kuma haƙoran pon na gaba ba kullum suke shiga na baya ba.

Na uku: ɗaurin yana son awo. Ratar da ake bari tsakanin haƙora a pon na Hilux ba ta kai kashi 2 cikin 10 na milimita ba. Ido ba ya ganin wannan, sai da agogon awo. Gwanin makaniki yana shafa ma haƙora fenti, ya juya, ya ga inda suke cizo. In cizon bai zauna tsakiyar haƙori ba, sai ya kwance ya sake. Ku tambaye shi cikin ladabi: "Maigida, da mi za ka auna ratar?" In ya nuna maku agogo da fenti, ku bar mashi aiki. In ya ce hannunsa ya saba, ku nemi wani. Pon da aka ɗaura da ka yana kuka, ya yi zafi, ya cinye haƙoransa cikin ƴan watanni. A sa sabbin rulma da sabon abin tare mai tun da an buɗe.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi. A pon na baya na waɗannan motoci, kan pon ɗin gaba ɗaya yana kwancewa da noti, da haƙoransa a ɗaure. Ana iya samun wani kai mai lambar da ake so a kasuwar tsofaffin ƙarafa. Amma kafin a biya, a ƙidaya haƙora ɗaya bayan ɗaya, a duba ko akwai tsaga ko ramuka, a tabbata sandunan ƙafafu suna shiga. Araha ba ta ado.

Na huɗu: sabbin haƙora suna son reno. Kilomita 800 na farko kada a ja ramok. Tafiyar farko ta zama gajera, kilomita 20 ko 30, a tsaya pon ya huce. Bayan kilomita 800 a zubar da man, a sa sabo, domin garin ƙarfe ya taru ciki. Man pon daban yake da man inji. A nemi mai kauri wanda aka rubuta GL-5 a jikin galan. Sabili da haka lokacin wannan aiki shi ne kafin kaya su taru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar: a tsofaffin motoci agogon gudu daga bwat yake ɗaukar lissafi. Bayan canji zuwa 4,56, in taya ba ta canza ba, zai nuna 100 alhali mota tana 90. Lissafin kilomita ma haka zai zarce. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haya bisa kilomita ta san da wannan, kada a cuci kowa.

Abin da haƙora ba su iya canzawa

Nan ne maganar ta fi nauyi. Motar da aka canza ma haƙora tana tashi da kaya cikin sauƙi. Sai direba ya ga kamar ta ƙara girma, a ƙara buhu 5, gobe a ƙara 10. Alhali birkin shi ne na jiya. Shasi, da ƙarafan da ke ɗauke da nauyi, da tayu, da ƙugiyar ramok, da tukunyar ruwan inji, duk na jiya ne. Gaskiya ne inji yana ɗan ƙara riƙe mota a gangara in lamba ta hau. Amma wannan bai kai ya tsaida tan 2 da ke turo ta daga baya ba.

Kamfani ya sa ma kowace mota iyaka, kuma canjin haƙora ba ya ɗaga ta. Bayan a-kori-kura irin waɗannan kimanin tan 1 yake ɗauka, har da mutanen da ke ciki. Ramok marar birki, iyakarsa kilo 750, har da nauyin ƙarfensa. In ramok ɗin kansa kilo 250 ne, saura kilo 500: buhu 5 na hatsi masu kilo 100, ba ƙari. In ruwa ne, tano 2 masu lita 200. Land Cruiser 79 an yarda ta ja har kilo 3500, amma sai ramok mai birkin kansa, da ƙugiyar da aka ƙera don wannan nauyi. Yawancin ramok da maƙeranmu ke haɗawa da tsohon pon ba su da birki. Ƙungiyar da ke son jan tan 2, kuɗinta ya fara zuwa wajen ramok mai birki kafin haƙora.

Lodi ma yana da ƙa'ida. Kashi 6 cikin 10 na kaya su zauna gaban ƙafafun ramok. Nauyin da ke danna ƙugiya ya zama kimanin kashi 1 cikin 10 na nauyin ramok duka. In kaya suka koma baya, ramok yana soma kaɗa wutsiya da an ɗan yi gudu, har ya kada mota. In hakan ta soma, a ɗaga ƙafa daga totur sannu, a riƙe sitiyari sosai, kada a taka birki da ƙarfi. Tankin ruwa kuma a cika shi ko a bar shi wofi, domin rabin tanki yana tangaɗi. A ɗaura sarƙa ta biyu tsakanin mota da ramok, ko da ƙugiya ta kuɓuce. A sa fitila da abin ƙyalli a baya don masu tahowa da dare.

A ƙasar Adar, wajen Buza da Keita, akwai gangara masu tsawo. Ƙa'ida ita ce a sauka da bitas ɗin da aka hau da ita. Kada a fid da bitas don tsimin gazuwal. Birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi, in ya yi zafi sai ya daina kamawa.

Lafiyar jama'a

Hukumar lafiya ta duniya ta ce, cikin rahotonta na 2023, mutum kimanin miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara sanadin hatsarin hanya. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace in aka gwada da yawan jama'arta. Hanyoyinmu kuwa kowa ya san su: amalanken shanu, da garken awaki, da yara masu zuwa lakkol, duk bisa kwalta ɗaya.

Motar da ke kilomita 72 a awa tana cin mita 20 a daƙiƙa guda. Kafin direba ya ga yaro ya kai ƙafa ga birki, wannan tazara ta wuce. In gudu ya ninka sau 2, tazarar da birki ke bukata tana ninkuwa sau 4. Da ramok marar birki a baya, ta fi haka. Mai jan kaya ya rage gudu tun kafin shiga gari, ya bar rata mai yawa tsakaninsa da na gaba.

Kada a ɗauki mutane cikin ramok, ko ranar kasuwa, ko ranar biki. Kada yaro ya zauna bisa ƙarfen da ya haɗa ramok da mota. Wanda ya faɗo daga nan, ƙarƙashin ƙafa yake faɗawa.

Tsohon man da aka zubo daga pon ko daga inji guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko tabki, ko garka. Kada a shafa shi a miki, ko a jikin dabba mai ƙaiƙayi. Miki na likita ne, dabba kuma ta ma'aikacin kiwo ce. A tara man cikin galan mai marfi inda yara ba su kai, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Shawara ga taron ƙungiya

Kafin a fid da kuɗi daga asusu, shugaba da ma'aji da direba su zauna gaban jama'a su amsa tambayoyi biyar. Mine ne lambar pon ɗinmu yanzu? Wace taya ke ƙarƙashin motar? An duba lafiyar inji da kuloci? Cikin tafiya 10, nawa ne da ramok cikin rairayi, nawa ne bisa kwalta ba kaya? Ramok ɗinmu yana da birki?

In motar tana yini tsakanin gonaki da kasuwannin ƙauye, ga manyan tayu, ga ramok kullum, ƙarin lambar pon yana da amfani, kamar daga 4,10 zuwa 4,56. In rabin aikinta doguwar hanya ce zuwa Yamai ko Tawa, a bar pon yadda yake, a yi aiki da L4 da bitas ta huɗu. In kuwa kayan sun fi ƙarfin iyakar motar, babu haƙoran da za su gyara wannan. A yi sawu biyu, ko ƙungiyoyi biyu su haɗa kuɗi su ɗauki kamiyo. Sawu biyu yana cin gazuwal da lokaci, amma sannu ba ta hana zuwa.

Mai karatu, ka karanta ma direbanku wannan shafi, ka karanta ma waɗanda ba su samu shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Alli da ƙidaya zuwa 50 sun isa ku san lambar motarku da kanku. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka cikin abin da muka noma.